Ramalan da Remok Mai Rawa

Tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, garin Arlit ya yi asarar manyan masana da yawa. Wasu sun koma Yamai, wasu sun ƙetare teku. Ramalan bai tafi ko'ina ba.

Mutumin Damagaram ne, ya zo arewa yana saurayi, ya yi shekaru a kamfani. In ka zauna a fadarsu ta shayi, bakin garejin Muktari mai walda, za ka ji cewa shi ne ya riƙa tuƙa manyan motocin nan masu kwasar dutse, waɗanda tayarsu ta fi raƙumi tsayi. Gaskiya ne ya san motocin ƙwarai, musamman daga taya zuwa ƙasa, domin aikinsa shi ne ya tsaya a ƙofa da tiyo ya wanke musu ƙafa kafin su fita. Da aka sallami ma'aikata sai ya dawo gida da riga mai ƙyalli ruwan ɗorawa, da hular kwano, da kalma guda ta Faransanci wadda yake barbaɗa wa kowace magana kamar gishiri, wato sekurite, ma'ana kiyaye haɗari. Aiki dai bai dawo da shi ba.

Matarsa Rashida Ba'abziniya ce, ɗiyar wani shofer, wato direba, da ya rasu ya bar tsohuwar katkat mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya. A cikin motar nan Rashida ta tashi, a gefen ubanta, har ta iya juya ta tun ba ta gama lakwal ba, wato makarantar boko. Yanzu motar tana ajiye a gidan uwarta Dassin, an lulluɓe ta da tabarma, mabuɗin kuwa yana ɗaure a bakin mayafin tsohuwar, tana wurga shi bayan kafaɗa yadda matan Abzin ke yi. Duk sa'ad da ta wuce, mabuɗin na lilo a bayanta, Ramalan yakan ji kamar da shi yake magana. Mai katkat a Arlit ba ya rasa abin yi: ga albasar masu lambu, ga awaki, ga masu zuwa wajen haƙar zinariya.

Sai ga bikin Maryama, ƙanwar Rashida, ya matso. A al'adar Abzinawa uwa ce ke kafa wa amarya tantin tabarmi, tantin Dassin kuwa, da sandunansa da gadonsa na sassaƙa, yana ajiye a rugar danginta can wajen Dannet. Saƙo ya zo daga Dassin ta bakin Rashida: in mijinta ya je ya ɗauko tantin nan lafiya, mabuɗi ya zama nasa.

Ta bakin Rashida saƙon ya zo domin ba shi da wata hanyar zuwa. A Abzin namiji da surukarsa ba sa haɗa ido, ba sa kiran sunan juna, ba sa magana kai tsaye. In akwai zance, a nemo na uku ya ɗauka ya kai, ko da tazarar ba ta wuce faɗin tabarma ba. Abzinawa suna yin haka cikin sauƙi, kamar numfashi. Ramalan, da yake daga baya ya shigo, sai ya ɗauki abin da ƙarfi fiye da masu shi. Ya sayi rawani takanas domin ya samu amawalin da zai ja ya rufe baki. Akwai ranar da ya hango surukar tasa a lungun kasuwa, ya faɗa shagon farko da ya samu, ashe na kitso ne, ya fito bai yi kitso ba amma da sunan da masu kitson suka sa masa.

"Sandunan nan dogaye ne," in ji Rashida. "Sawu biyu za ka yi."

"Sawu biyu aikin wanda bai yi kamfani ba ne. Remok zan haɗa."

"Abba in zai ja remok babu kaya, yakan sa buhun yashi a gaba, kusa da hanci. Kuma ba ya gudu."

"Allah ya jiƙan Abba," in ji Ramalan, "amma a zamaninsa ba a zo da sekurite ba."

Rashida ta dube shi, ta ɗaure kayanta, ta bi wata motar kasuwa ta yi gaba zuwa ruga don ta shirya tabarmin kafin su zo.

Remok ba ta da wuyar sha'ani. Akwati ne a kan taya biyu, da dogon hanci da ake maƙalawa a ƙugiyar mota. Abin da take so shi ne nauyinta ya ɗan rinjaya gaba, ya danna ƙugiyar, ta kwanta daidai ba ta ɗaga hanci sama ba. In babu kaya a cikinta ba ta da abin da zai zaunar da ita, don haka tana son taya mai ɗan laushi da shofer marar gaggawa. In aka hana ta waɗannan, sai ta fara kaɗa gindi dama da hagu, kuma kowace kaɗawa tana haifar wadda ta fi ta. Ramalan ya zauna da Muktari, ya bi waɗannan buƙatu ɗaya bayan ɗaya ya hana ta su.

"Matso da tayoyin gaba," ya ce, yana tsaye da rigar ƙyalli a kan tulin ƙarafa.

Muktari, Ba'adare ne daga Tawa, ya ɗaga gilashin walda. "Gaba ina, Shef? In munka matso da su gaba, gindi shina yin nauyi."

"Shi nake so. Hanci ya zama sakayau, in ɗaga shi da hannu ɗaya."

"Don mi?"

"Don mutane su gani."

Muktari ya yi tunani, ya ga cewa in tayoyi suka matso gaba, guntun ƙarfen da yake da shi zai isa, ba sai ya je neman dogo ba. Ya sauke gilashi ya ce Shef ya fi shi sani.

Daga nan Ramalan ya sa aka kewaye ta da kwanon rufi har ya kai kafaɗar mutum, domin a samu wurin rubutu. Mai fenti ya rubuta RAMALAN TRANSPOR a gefe ɗaya, SEKURITE a ɗayan. Alkassoum, wani tsohon mai gadi da ya fi kowa daɗewa a fadar, ya zagaya ta da kofin shayi a hannu.

"Wannan remok ce ko shago?"

"Ba za ka gane ba, kai ƙofa ka tsare."

"Kai ma ai a ƙofar na san ka. Ni da sanda, kai da tiyo."

Ramalan bai ji wannan ba, yana wajen mai faci yana ba da umarni a ƙara iska. Aka ƙara. Ya ƙwanƙwasa tayar da ɗan yatsa ya ce a ƙara. Sai da ta yi ƙara kamar kalangu ya yarda, mai facin kuwa ya ja da baya ya tsaya a bayan bango. Da aka zo maƙalawa, ƙugiyar katkat ta fi hancin remok tsayi, don haka remok ta tsaya hanci a sama, gindi a ƙasa, kamar raƙumar da ta sunsuno ruwa daga nesa. Muktari ya zura ƙusa mai kauri a ƙugiyar, ya haɗa sarƙa tsakanin mota da remok, don ko ƙusa ta fita sarƙa ta riƙe.

Ranar tafiya da hantsi Dassin ta kwance mabuɗi daga mayafinta, ta ajiye a kan tabarma, ta juya baya. Ramalan ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya matso a karkace kamar mai satar kaza, ya ɗauka. An ɗauki Muktari don ya zauna gaba ya zama baki tsakaninsu. Tsohuwa ta shiga kujerar baya da carbinta.

Motar tana da madubi guda ɗaya. Na hagu ya tafi tare da wani kamiyo, babbar motar kaya, tun marigayi na da rai, na dama kuwa da shi Rashida ke sa kwalli a gida. Saura na ciki. Ramalan ya zauna, ya gyara kujera, ya ɗaga ido ya dubi madubin don ya ga sunansa a jikin remok. Abin da ya gani idanun surukarsa ne, biyu, suna dubansa.

"Innalillahi!" Ya kai hannu ya murɗe madubin har ya fuskanci rufi, ya cire hankici ya ɗaure shi.

"Shef, da mi za ka ga baya?" in ji Muktari.

"Shofer na ƙwarai da jikinsa yake jin baya."

A cikin gari komai ya tafi daidai, domin jakunan masu ruwa da ramukan hanya ba su bar kowa ya yi gudu ba. Ƴan fada suka yi masa tafi, Alkassoum ya ɗaga kofi. A shingen fita, jandarma ya zagaya remok, ya karanta gefe ɗaya, ya karanta ɗayan, ya ce su sauka lafiya da wata irin murya.

Suka hau hanyar Agadas. Kwaltar hanyar nan ta daɗe da rabuwa gida-gida, amma akwai wuraren da ta rage shimfiɗe, kuma a na farkonsu Ramalan ya taka totur. Da fari remok tsalle kawai take yi, kwanonta na kaɗa ganga. Can sai sitiyari ya fara ja dama, ya saki, ya ja hagu.

Daga baya murya ta taso a hankali. Hausar Dassin ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne a wurinta. "Muktari, tambayi mai mota. Abin nan na baya, biki ya fara ne?"

"Shef, Inna ta ce a tambaye ka, wai biki ya hwara?"

"Gaya wa masu tambaya, sabon ƙarfe ne, yana neman wurin zama."

"Inna, ya ce ƙarhe na neman wurin zama."

"Ka ce masa ya nemi wurin a hanya ɗaya. Yanzu hanya biyu yake nema."

Muktari ya waiga, ya ga RAMALAN TRANSPOR ta tagar baya, sannan ya ga SEKURITE, sannan RAMALAN TRANSPOR kuma. Bai taɓa tsammanin zai karanta gefe biyu na remok daga kujera ɗaya ba. Ya ce a tsaya, yana jin fitsari.

Ramalan ya sauka ya zagaya ta, hannu a baya, yadda ya ga injiniyoyi na yi. Ya ce ciwon a bayyane yake: gindi ne ke rawa, saboda haka gindi za a danne. Suka kwaso duwatsu daga bakin hanya suka jibge su can ƙarshen remok, bayan tayoyi. Hancin ya ƙara sauƙi, har ƙugiyar motar ta ɗan ɗago.

"Ka gani?" in ji Ramalan. "Har mota ta ji daɗi."

Wannan karon remok ba ta jira shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba. Tun suna tafiya kadaran-kadahan ta fara, duwatsu na gangarawa daga wannan kusurwa zuwa waccan suna ba ta amshi. Sai ga wani dogon kamiyo daga Agadas ya taho da gudu. Iskarsa ta daki kwanon rufin nan, wanda aka yi shi kamar don ya kama iska, remok ta yi dama har sai da ta taɓa yashi. Ramalan ya murɗa sitiyari hagu don ya gyara mata, ta yi hagu ta wuce inda ya so. Ya tashi tsaye a kan birki. Mota ta tsaya, remok ba ta samu labari ba. Ta zagayo ta gefe har ta zo daidai tagar Dassin, ta tsaya a nan tana karkarwa.

Tsohuwa ta dube ta ta taga. "Muktari, ka ce masa baƙo ya zo gaisuwa."

Allah ya sa a daidai wurin wata motar fasinja ta lalace tun safe, mutanenta na zube a inuwarta ba su da abin kallo. Suka taso gaba ɗaya. Cikin ɗan lokaci remok ta samu likitoci fiye da na asibiti.

"Sassauta iskar tayar nan, malam, za ta fashe."

"Mayar da duwatsun gaba."

"Ba duwatsu ba ne, baki ne. Wa ya ga remok ɗin nan kafin ku fito?"

"Duk gari," in ji Muktari.

"To shi ne."

Wata mai tallan cuku ta ce in ta fara rawa ya ɗaga ƙafa daga totur kawai, ya riƙe sitiyari kyam, kada ya taɓa birki, haka mijinta ke yi. Wani dattijo ya ce a cire kwanon. Wani ya ce a cire shofer.

Ramalan ya bar su suka gama, ya gyara rigar ƙyalli. "A cikinku wa ya yi kamfani?"

Ba wanda ya yi.

"To. Ni na ja abin da ya fi wannan motar taku sau goma, cikin rami, cikin duhu. Matsalar nan biyu ce. Duwatsu na yawo, kuma nauyin bai isa ba."

Ya kwance sarƙar da ke tsakanin mota da remok, ya tattara duwatsun a gindi, ya ɗora musu tayar safiya, wato ta ko-ta-kwana, ya ɗaure su tam da ita. Muktari ya buɗe baki.

"Shef, wagga sarƙa hwa ita ta riƙe..."

"Ƙusa na nan. Abu biyu a aiki ɗaya ɓarna ce. Saura ƙarin nauyi." Ya dubi duwatsun da suka rage a bakin hanya, duk ƙanana ne. Ya dubi Muktari, wanda ba ƙarami ba ne.

"A'a," in ji Muktari.

"Kai ka ƙera ta. Ba ka yarda da aikinka ba?"

Fasinjoji suka juyo suna jiran amsa. Mai walda da zai ce bai yarda da waldarsa ba a gaban mota guda ta mutanen Arlit, gara ya rufe gareji.

"Na yarda da aikina. Tuƙinka ne ban yarda da shi ba."

"Ba'adare, hau. Ga sekurite." Ya cire rigar ƙyalli ya sa masa, ya kifa masa hular kwano.

Muktari ya hau, ya zauna a kan tayar safiya can ƙarshen gindi, ya kama kwano da hannu biyu, ya fara karanta abin da ya sawwaƙa. Mai cuku ta miƙa masa guda ɗaya kyauta. Sai da Ramalan ya koma mota ya rufe ƙofa sannan ya lura da abin da ya yi: ya ɗauke bakin da ke tsakaninsa da surukarsa ya kai shi remok. Ya ƙara jan amawali har sai da ya rage masa ƴar tsaga ta ganin hanya.

Sabuwar dabararsa ita ce gudu. Igiya in ta yi sako-sako ai ja ake yi ta miƙe, remok kuwa a ganinsa igiya ce mai taya. Da ta fara kaɗawa sai ya ƙara wuta. Ta ƙara, ya ƙara. Motar kanta ta shiga rawar, gindinta na bin remok duk inda ta nufa. Daga baya ana jin muryar Muktari tana zuwa ta kunnen dama, ta ɓace, ta dawo ta kunnen hagu. Ramalan ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa yake yi, ya fitar da hannu ta taga ya ɗaga masa babban yatsa.

Sai aka ji ƙarar ƙarfe, ƙwal, sau ɗaya.

Nan take komai ya lafa. Sitiyari ya daina ja. Ganga ta yi shiru, Muktari ma ya yi shiru. Mota ta miƙe sumul kamar an zare mata ƙaya. Ramalan ya saki numfashi, ya yi murmushi a ƙarƙashin rawani, ya ce wa gilashin gaba, tun da ba wanda ya halatta ya gaya wa, "Sekurite."

A baya Dassin ta yi tari.

Ramalan, ba tare da ya waiga ba, ya miƙa gorar ruwa ta kan kafaɗa. Aka karɓa.

Ta sake yin tari, mai ƙarfi, har da buga bayan kujerarsa da carbi.

Ya laluba aljihu ya miƙa dabino. Aka karɓa. Ya ji daɗin kansa ƙwarai. Ba kowane suruki ne zai iya tuƙi da jinya a lokaci ɗaya ba tare da ya karya kunya ba.

Tsohuwa ta ci dabinonta, ta jefar da ƙwallon ta taga, ta koma jan carbi. Ta yi abin da al'ada ta yarda mata.

Suka bar kwalta suka bi hanyar yashi. Motar ta haye tudu ba ta yi nishi ba, ta ratsa kwari ba ta kafe ba, Ramalan yana ta mamakin yadda gyara ɗaya ya warkar da cuta da yawa.

Rana ta ɗan karkata suka iso ruga. Dangi duk sun hallara. An jera sandunan tanti a ƙasa, an naɗe tabarmi, an kwance gadon sassaƙa, maza na tsaye za su yi lodi. Da mata suka hango motar marigayi sai suka ɗauki guɗa. Guɗar ta tashi da ƙarfi, ta kai tsakiya, sannan ta fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ta rage wata tsohuwa da ba ta gani sosai, ita ma aka taɓa ta ta yi shiru.

Ramalan ya fito. Da yake ya ji surukarsa na buɗe ƙofa a bayansa, sai ya tsaya fuskarsa gaba, ƙeyarsa ga mota, ya yi wa jama'a sallama.

"Kun ga shiru ya kama ku," ya ce. "Haka ne, ba ku saba ganin irinta ba. Ta so ta yi mini gardama a hanya. Mutane suka taru, kowa da maganarsa, har mai cuku. Na ce ku bari. Nauyi a gindi, wuta a gaba. Tun daga nan ko motsi ba ta sake yi ba. Ko jinta ba na yi."

Rashida ta fito daga cikin mata, hannunta da igiyar ɗaurin tabarma. "Wa ke nan, Malam?"

"Remok mana." Ya nuna da babban yatsa ta kan kafaɗa.

"Wace remok?"

"Rashida, ba lokacin wasa ba ne. Muktari! Sauko ka buɗe musu."

Iska ta kaɗa. Wata akuya ta yi kuka.

"Muktari!"

Dassin ta gama saukowa, ta gyara mayafi, ta tsaya kusa da ɗiyarta tana duban wani tsauni can nesa. "Rashida, ki faɗa wa mijinki, remok ya sauka tun a kwalta, wajen babbar aduwa. Ya shiga yashi da ƙafarsa, ya tsaya. Mai walda yana ciki, na ga hannunsa yana ɗagawa."

"Anna!" in ji Rashida, haka take kiran uwarta. "Kina gani ba ki yi magana ba?"

"Na yi tari."

"Tari?"

"Sau biyu. Ya ba ni dabino."

Sai a lokacin Ramalan ya juya. A bayan katkat babu komai sai ƙugiya, da hanyar da suka biyo, da sawun taya na mota ɗaya. Maza Abzinawa ba sa dariya da baki a buɗe. Suka ja amawali sama, kafaɗunsu na rawa. Mata ba su da wannan takura.

Dassin ta zagaya ta tagar shofer, ta zura hannu ta zare mabuɗi. Ta riƙe shi ɗan lokaci, har Ramalan ya ga kamar bakin mayafi za ta nufa da shi. Sai ta kama hannun Rashida ta danƙa mata.

"Ki je ki ɗauko mutumin mutane."

Rashida ta shiga, ta kwance hankicin, ta mayar da madubi wurinsa. Ramalan ya zauna a gefenta, suka koma kwalta.

Sun tarar da remok a gindin aduwa, tsaye a kan tayoyinta, SEKURITE na fuskantar hanya. An gyara motar fasinjar nan, ta iso wurin, ta kuma tsaya, domin ba wanda ya yarda a wuce. Muktari na zaune a inuwa da hular kwano a kansa, an ba shi shayi, yana ba da labari karo na ba-adadi. Duwatsun kuwa ya kwance su ya yi ta jifa da su ta inda motar ta bi, har suka ƙare.

"Shef," ya ce, "da jikinka kaka jin baya?"

"Ƙusarka ce ba ta da kyau."

"Ƙusata ta yi haƙuri da kai hiye da ni."

Rashida kuwa ta kama aiki. Ta samo wata ƙusa a akwatin kayan aikin ubanta, ta mayar da sarƙa inda aka ɗauko ta, ta durƙusa ta sassauta iskar tayoyin har suka daina ƙyalli. Ta gangaro da tayar safiya ta kwantar da ita can gaba, kusa da hanci. Ta danna hancin da ƙafa, ya ɗago da kansa.

"Bai isa ba. Ana son wani nauyi a nan gaba."

Aka duba, babu buhu, babu dutse. Aka dubi Muktari.

"Ni na yi nawa," ya ce, ya shige mota ya kulle ƙofa.

Mai cuku ta ce ai ba wani abu ake nema ba, abu ne mai ɗan nauyi wanda ba a bukatarsa a wani wuri. Ba ta ambaci suna ba. Fasinjoji ma ba su ambata ba, juyowa kawai suka yi.

Muktari ya sauke gilashi ya miƙo hular kwano ta taga.

Rashida ta ja su a hankali, Ramalan na zaune a kan tayar safiya, gaba da tayoyin remok, rawaninsa kaɗai ke leƙowa ta saman kwano. Har ruga remok ba ta kaɗa ba ko sau ɗaya. Washegari aka yi lodi, aka kawo tanti Arlit ba sandar da ta karye, aka kafa wa Maryama shi.

A fada Ramalan ya bayyana cewa shi ya zaɓi zama a can, domin a kamfani ma babban ma'aikaci ne ake sawa a wurin da ya fi haɗari. Alkassoum ya ce haka ne, ya zuba masa shayi.

Mabuɗi yana hannun Rashida har yau. In za ta fita da remok babu kaya, takan aiko a kira shi daga fada.